In aka ce "an kashe intanet", wai me aka kashe?

Ƙanin Kowa: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. Duk sanda zaɓe ko zanga-zanga ta ƙarato a wata ƙasa sai a ji an ce gwamnati ta kashe intanet. Wai makunni ne a wani ofis da mutum ɗaya ke dannawa? Kuma da gaske ne mai VPN babu ruwansa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Makunni ɗaya babu shi, sai fa a ƙasar da duk hanyoyin fita waje suka bi ta hannun kamfani guda na gwamnati. Abin da aka saba shi ne takarda ko kiran waya: hukumar da ke ba kamfanonin sadarwa lasisi ta ba da umarni, injiniyoyin kamfanin su aiwatar, don wanda ya yi gardama lasisinsa na iya salwanta. Sannan kalmar "kashewa" ta haɗe abubuwa dabam-dabam da maganinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi arha shi ne a ɓata DNS. Wayarka ba ta san suna ba, lamba ta sani. Ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi sabar DNS, wadda galibi ta kamfanin layinka ce, ita kuma ta ba ta lambar IP ta shafin. In umarni ya zo, sai sabar ta ce babu mai wannan suna, ko ta ba da lambar wani shafi dabam mai sanarwar toshewa. Hanya na nan, gidan na nan, littafin adireshi kawai aka gurɓata. Haka Turkiyya ta yi wa Twitter a Maris na 2014, har mutane suka riƙa rubuta 8.8.8.8 da fenti a jikin bango, wato lambar DNS ta Google, don kowa ya sauya.

Malama Kwamfuta: Malam, ka bar ƙarshen labarin. Cikin 'yan kwanaki kamfanonin Turkiyya suka fara tare tambayoyin da aka aika wa 8.8.8.8 suna amsawa da kansu, mai waya yana ganin da Google yake magana alhali bai fita daga ƙasar ba. Dalili kuwa DNS na asali yana tafiya ne a buɗe ta ƙofa ta 53 (kowane irin aiki a intanet da lambar ƙofarsa), kowa a hanya na iya karantawa ya musanya amsar. Shi ya sa sauya lamba kaɗai ya daina isa.

Abin da ke aiki yau shi ne DNS mai kulle. A Android daga na 9 zuwa sama, cikin saitin sadarwa akwai wurin da aka rubuta Private DNS. Ba lamba ake sawa ba, suna ake rubutawa: dns.google ko one.one.one.one. Amma a kiyaye da tarko ɗaya. Wannan yana bi ta ƙofa ta 853, wadda ba ta da wani aiki sai wannan, don haka rufe ta abu ne mai sauƙi. In aka rufe ta alhali ka rubuta suna a wurin, wayar ba za ta koma DNS na kamfani da kanta ba, sai komai ya tsaya cak, kai kuma ka yi ta zagin gwamnati alhali saitinka ne ya shaƙe ka. Ka mayar da shi kan Automatic ka gani kafin ka yanke hukunci. Wanda ke cikin burauza, irin na Firefox da Chrome, ya fi jure wahala, don shi ta ƙofa ta 443 yake bi, ƙofar da kowane shafi mai https ke amfani da ita.

Kawu Mai Shakka: To ai shi ke nan. Abin da yaro zai warware da suna ɗaya a saiti, me ya sa ake ta kururuwa?

Injiniya: Kawu, wannan matakin farko ne, na gwamnatin da ba ta son kashe kuɗi. Na gaba a toshe lambar IP ɗin kanta. Nan ko ka samu adireshi daidai, ƙunshin bayananka ba zai isa ba. Matsalarsa ga mai toshewa ita ce manyan kamfanonin ajiye shafuka suna tara dubban shafuka a bayan lamba ɗaya, kuma manhaja na iya tsallakawa daga lamba zuwa lamba. Rasha ta gwada da Telegram a Afrilun 2018. Telegram ta riƙa ɓuya cikin sabobin Amazon da Google, hukumar sadarwa ta Rasha, Roskomnadzor, ta bi ta da toshe miliyoyin lambobi, shagunan intanet da wasu ayyuka da ba su ji ba ba su gani ba suka durƙushe, Telegram kuwa ta ci gaba da aiki ga yawancin mutane. A Yunin 2020 aka janye haramcin.

Daga nan ne aka koma wa na'urorin da ke leƙa cikin ƙunshi, waɗanda ake kira DPI. Ko da shafi na da https, a gaisuwar farko tsakanin wayarka da sabar sunan shafin yana fita a fili, a wani gurbi mai suna SNI. Na'urar ba ta ganin abin da kake karantawa, amma tana ganin sunan gidan da ka ƙwanƙwasa. Da ta ga sunan da ke cikin jerinta sai ta yanke haɗin, ko ta jefo saƙon ƙarya da ke cewa ɗaya ɓangaren ya kashe.

Malama Kwamfuta: Kuma irin wannan na'ura wani lokaci ita ke tona asirin kanta. A Maris na 2021 Rasha ta rage wa Twitter gudu. Twitter na gajarta mahaɗa da t.co, sai aka sa wa na'urar dokar cewa duk sunan da ke ɗauke da t.co a matse shi. Ku duba microsoft.com da reddit.com, za ku ga t.co kwance a tsakiyarsu. Su ma suka shiga matsi. Da wannan kuskure masu bincike suka gane yadda aka rubuta dokar.

Ƙanin Kowa: Wato ana iya rage gudu ba tare da an toshe ba?

Malama Kwamfuta: Shi ne ma wanda ya fi wuyar kamawa, ƙanena. Rubutu na tafiya, hoto na jan ƙafa, bidiyo ba ya hawa sam. Kowa sai ya ɗora wa kamfani laifi ko ya ce cunkoso ne. Abin da gwamnati ke tsoro a lokacin tarzoma kuwa bidiyo ne, ba rubutu ba. Hanya biyu ake bi: ko a matse wasu sunaye kaɗai, ko a kashe 4G da 3G a turakun sadarwa a bar 2G. A Kashmir an katse komai a Agustan 2019, da aka soke sashe na 370 na tsarin mulkin Indiya. A Janairun 2020 aka dawo da 2G tare da jerin shafukan da aka yarda a buɗe, 4G kuwa sai Fabrairun 2021, kusan wata 18 ke nan. A takarda akwai intanet, a aikace ɗalibi ba ya iya bin darasin bidiyo, likita ba ya iya sauke babban fayil.

Kada kuma ku yarda da manhajar gwajin gudu a irin wannan yanayi. In sunaye aka matse, gwajin zai nuna gudu lafiya lau, don ba sunansa aka sa a jerin ba. Gwajin da ke da ma'ana shi ne ka buɗe bidiyo ɗaya ba VPN, ka sake buɗe shi da VPN. In ya fi sauri da VPN, alhali VPN kan rage gudu ne a al'ada, to da hannun wani a ciki.

Injiniya: Sai babban, wanda ya cancanci sunan kashewa. Intanet tarin dubban hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu, kowanne na shelanta wa maƙwabtansa cewa "lambobi kaza a wurina suke, ku biyo ta nan." Wannan shela ita ce BGP. In kamfani ya janye shelarsa, cikin mintuna duniya ta manta hanyar zuwa wurinsa. Haka Masar ta yi a daren 27 zuwa 28 ga Janairun 2011: manyan kamfanoni suka janye hanyoyi kusan 3,500, wani ƙaramin kamfani mai suna Noor ya rage na 'yan kwanaki, shi ma aka rufe shi, sai 2 ga Fabrairu aka dawo. Shugaba Mubarak ya sauka ranar 11 ga watan.

Ƙanin Kowa, amsar tambayarka ta biyu na nan. VPN bututu ne da ake zurawa cikin bututun kamfaninka zuwa wata sabar a waje. Yana ɓoye sunan shafi da lambarsa, don haka yana maganin DNS da IP da SNI da matse sunaye. Amma in babban bututun aka datse, ko aka kashe data a turke, babu inda ƙaramin zai bi. Ka sayi VPN mafi tsada a duniya, zai yi ta juyawa yana neman haɗi har batir ya ƙare.

Ɗan Kebul: Ina so a yi wa gwamnatoci adalci a abu ɗaya, ko da ba su saba samunsa a nan ba. Ba duk ɗaukewa ce umarni ba. Kusan duk bayanan da ke ƙetare nahiyoyi ta kebul na ƙarƙashin teku suke bi, ba tauraron ɗan Adam ba kamar yadda ake zato, kuma kebul ɗin a zurfin teku kaurinsa bai wuce na tiyon ban ruwa ba. Ankar jirgi na yanke shi, komar masunta na ja, zaftarewar ƙasa a gindin teku na tsinke shi. Ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashe da dama suka shiga wahala lokaci guda. A Tonga, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, aman wutar dutse na 15 ga Janairun 2022 ya tsinke kebul ɗaya tilo da ke haɗa ƙasar da waje, gyara ya ci kusan mako biyar. Gyaran ba wasa ba ne: a auna inda haske ya tsaya cikin zaren gilashin, jirgin gyara ya taso daga tasharsa, ya samu izinin shiga ruwan ƙasar, ya jefa ƙugiya ya ɗago bakin nan, ya ɗago wancan, a haɗa zare da zare a cikin jirgi. Jiragen da ke wannan aiki kaɗan ne a duniya, layi ake bi.

Wani lokacin kuma kamfanin ne ya harbi ƙafarsa da kansa. 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida, saboda wani umarnin gyara ya yanke hanyoyinsu na ciki, sabobin DNS nasu suka janye shelar BGP. Babu gwamnatin da ta taɓa su.

Injiniya: Akwai ma wanda ya haɗa biyun. Fabrairun 2008 Pakistan ta ce a toshe YouTube a cikin gida. Pakistan Telecom ta shelanta cewa lambobin YouTube a wurinta suke, da niyyar ta haɗiye zirga-zirgar 'yan ƙasar. Shelar ta ɓalle zuwa kamfanin PCCW na Hong Kong, shi kuma ya watsa wa duniya. A BGP wanda ya shelanta yanki mafi ƙanƙanta shi ake bi, nata kuwa ya fi na YouTube ƙanƙanta, sai duniya ta tura masu kallonta Pakistan na kusan awa biyu.

Ƙanin Kowa: To mutum a zaune da wayarsa, ta yaya zai bambanta?

Ɗan Kebul: Fara da na kusa. Kunna yanayin jirgin sama ka kashe, ka tabbatar datarka ba ta ƙare ba, ka kashe VPN da Private DNS. Sannan ka rubuta 1.1.1.1 a burauza. In shafin Cloudflare ya buɗe amma sunaye ba sa buɗewa, DNS ne. In wasu shafuka na buɗewa wasu ba sa yi, kuma waɗanda ba sa yi duk kafofin sada zumunta ne na kamfanoni dabam-dabam, toshewa ce, don ba ya yiwuwa Facebook da TikTok da Telegram su lalace a minti ɗaya. In kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram ne kaɗai, ka fara zargin kamfaninsu, gida ɗaya ne. Sai ka gwada layin wani kamfani da kuma intanet na kebul na gida ko ofis. Gwamnatoci sun fi kashe datar wayar hannu su bar na kebul, don bankuna da ofisoshinsu a kansa suke.

Yankewar kebul kuma tana da kamanninta. Ba ta san iyakar ƙasa ba, maƙwabta ma na kuka. Ba ta kashe kowa daidai, kamfanin da ke da kebul na biyu yana rarrafawa, wanda ba shi da shi ya kwanta. Shafukan da sabarsu ke cikin ƙasa na buɗewa. Umarni kuwa agogo gare shi. A Myanmar bayan juyin mulkin Fabrairun 2021 an shafe makonni ana ɗaukewa ƙarfe 1 na dare a dawo ƙarfe 9 na safe. Iraƙi da Siriya da Aljeriya sun sha ɗaukewa daidai awannin jarrabawar ƙasa don hana satar amsa. Anka ba ta duba jadawalin jarrabawa. Wanda ke da hanyar leƙawa ya duba shafukan da ke auna zirga-zirgar intanet, irin IODA ko Cloudflare Radar ko NetBlocks: layin zanen awon da ya faɗi tsaye kamar an sare shi da adda, a kan cikar awa, ya isa shaida.

Dattijo: Na karanta duka, Allah ya ƙara ilimi. Amma kuna magana kamar duk wanda ya katse azzalumi ne. A Indiya a 2017 da 2018 an kashe mutane da duka a kan jita-jitar satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a can a Yulin 2018, ya faɗaɗa wa duniya a Janairun 2019. A Myanmar masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ambaci rawar da Facebook ta taka wajen yaɗa ƙiyayya ga 'yan Rohingya. Sri Lanka ta rufe kafofin sada zumunta bayan hare-haren Ista na Afrilun 2019 don gudun ramuwar gayya. Shugaban da ya ga wuta na tafe, kuma ya ga iskar da ke hura ta, ku ce ya naɗe hannu?

Barista: Baba, hujjarka ba ta banza ba ce, kuma doka ba ta ce ba a taɓa taƙaita magana ba. Sashe na 19 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da siyasa ya yarda da taƙaitawa, amma da sharaɗi: doka ta tanade shi a rubuce, manufar ta zama halastacciya kamar tsaron ƙasa ko zaman lafiya, kuma ya zama dole, ba a wuce gona da iri ba. A na ukun ne katsewa ke faɗuwa kusan kullum. Don a hana mutum ɗari yaɗa ƙarya an hana miliyoyi kiran motar asibiti ta manhaja, karɓar kuɗin ciniki, sanin ko ɗansu ya isa gida. Kuma jita-jita ta girmi intanet. In aka rufe, tana komawa baki da baki, shi kuwa mai ƙaryata ta, ɗan jarida ko hukumar kanta, an ɗaure masa baki.

Kotuna sun yi magana a kai. Kotun Ƙolin Indiya a shari'ar Anuradha Bhasin, 10 ga Janairun 2020, ta ce katsewa ba iyaka ba ta halatta ba, kuma dole a wallafa umarnin don a iya ƙalubalantarsa. Kotun ECOWAS a Yunin 2020 ta ce katsewar da Togo ta yi a 2017 ta saɓa doka, a Yulin 2022 kuma ta faɗi haka kan dakatar da Twitter da Nijeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da katsewa da gangan tun 2016.

Dattijo: Kin kawo hukunci, 'yata, amma duba kwanakin. Togo 2017, hukunci 2020. Wa ya amfana?

Barista: Nan kam ka kama ni. Hukunci na zuwa bayan an sha biki an watse. Amfaninsa ga na gaba ne, shi ma in ana jin kunyar kotu, kuma Indiya ba ta daina katsewa ba bayan 2020, tana cikin waɗanda suka fi kowa yi a ƙididdigar ƙungiyar kare 'yancin intanet ta Access Now shekara da shekaru. Wani abin dariya ma ya faru a Sudan a Yunin 2019: wani lauya ya kai kamfanin layinsa kotu ya yi nasara, aka mayar masa da intanet shi kaɗai, don da sunansa ya shigar da ƙara. Sai da ya koma a madadin jama'a. Amma ka lura da lokutan da ake katsewa. Uganda ta ɗauke ana jajibirin zaɓen 14 ga Janairun 2021. Iran ta ɗauke kusan mako guda a Nuwamban 2019 lokacin boren ƙarin kuɗin fetur, kuma cikin duhun nan aka kashe ɗaruruwan mutane. Tigray ta Habasha ta shafe kusan shekara biyu a rufe daga Nuwamban 2020. A irin waɗannan, abin da ake hanawa fita shaida ce.

Kawu Mai Shakka: Ni kamfanonin nake zargi. Su ke da na'ura, su ke danna madanni. Me zai hana su ce a'a?

Injiniya: Ma'aikatansu a cikin ƙasar suke kwana, Kawu, turakunsu ma ba a ɗauke su a gudu da su. Vodafone ta fito ta ce dokar Masar ce ta tilasta mata a 2011. Telenor ta Norway ta riƙa wallafa umarnin sojojin Myanmar har aka hana ta, a ƙarshe ta sayar da kamfaninta na can a 2022, kuma masu fafutuka da dama sun ce barinta ya fi zamanta muni, tunda bayanan masu layi sun koma hannun wasu. Abin da za a iya nema a wurin kamfani shi ne ya dage sai an ba shi umarni a rubuce da sa hannu, ya aiwatar da mafi ƙanƙantar abin da takardar ta ce, ya kuma gaya wa masu layi cewa umarni ne, ba "matsalar na'ura" ba. Abin da ya fi kare ƙasa kuwa yawan ƙofofi ne. Inda kamfanoni da yawa ke da hanyarsu ta fita waje, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, labari ya fita. Inda ƙofa ɗaya ce, kira ɗaya ya isa.

Hajiya Mai Lissafi: Ku dawo da mu ƙasa. Mai sana'a da ke karɓar oda ta waya, me zai tanada?

Malama Kwamfuta: Hajiya, duk abin da za a tanada kafin ranar ake yinsa, don ranar da aka toshe, shagon manhajoji da shafukan masu VPN na cikin na farko da ake rufewa. A sauke VPN biyu masu tsari dabam, a buɗe kowanne a gwada tun ana lafiya. Dalilin biyu shi ne tsarin VPN mai suna WireGuard na da sauri da sauƙin batir, amma ta UDP yake bi, wato ɗaya daga hanyoyi biyu na aika bayanai (ɗayar ita ce TCP), kuma gaisuwarsa na da siffar da DPI ke ganewa nan take. OpenVPN a kan ƙofarsa ta 1194 shi ma a fili yake, in aka mayar da shi TCP ta 443 ya fi sajewa, ko da yake na'ura mai kyau na iya gane shi. Waɗanda aka gina don ɓad da kama su ne irin Psiphon, da Tor in an kunna gadojinsa, obfs4 ko Snowflake. Suna da nauyi, amma suna wucewa inda sauran suka maƙale. WhatsApp ma tun Janairun 2023 yana da wurin sa adireshin proxy, wato sabar da ke shiga tsakani, a saitinsa, Signal na da irinsa.

A guji VPN na kyauta da ba a san mai shi ba. Duk zirga-zirgarka ta hannunsa take bi, ka ɗauke amana daga kamfanin layi ka miƙa masa. Onavo VPN ce ta Facebook a da, kyauta, kuma da ita kamfanin ya riƙa nazarin manhajojin da mutane ke amfani da su, har aka cire ta daga shagon Apple a 2018. Haka fayil ɗin APK, na girka manhaja a Android, da ake turawa hannu da hannu a ranar toshewa: ta nan ake cusa manhajar leƙen asiri da sunan VPN. Kuma a san dokar ƙasar da ake ciki, akwai inda amfani da VPN kansa laifi ne.

Ɗan Kebul: Ga ranar da babu data sam kuma: kiran waya da SMS da lambobin USSD sau da yawa suna nan, don ba ta hanyar data suke bi ba. A rubuta lambobin abokan ciniki a wayar kanta ko a takarda, ba a cikin manhajar hira kaɗai ba. A sauke taswira don amfani ba intanet, Google Maps na yi, Organic Maps na yi. A tuna SMS ba shi da kulle, kamfani na iya karantawa. Manhajar lambobin shiga irin Google Authenticator ba ta buƙatar intanet, lissafi take yi da agogon waya duk daƙiƙa 30, don haka in agogon ya kauce da minti ɗaya ko biyu lambobin za su riƙa faɗuwa. A bar shi kan saitin kansa, yana karɓar lokaci daga turke.

Ƙanin Kowa: Manhajojin Bluetooth fa, da Starlink?

Ɗan Kebul: Bluetooth na waya mita goma ne zuwa 'yan gomomi in fili ne. Saƙo na tsalle daga waya zuwa waya ne kawai in masu manhajar sun cika wurin, ya yi amfani a dandali, ba zai kai saƙo wani gari ba. Bridgefy ta yi suna a Hong Kong a 2019, amma masu bincike na Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun nuna a 2020 cewa ana iya karanta saƙonninta a kuma gane masu amfani da ita. Briar ta fi tsaro, sai dai babu ta a iPhone, kuma sai kun haɗa juna tun farko. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, na tsallake turaku da kebul na ƙasar, gaskiya ne, amma kamfanin ne ke kunna ko kashe yanki daga can, yana neman lasisi a ƙasashe, faifan na son sararin sama a buɗe da wuta a kai a kai, kuma abu ne da ake gani a kan rufi.

Barista: Ƙari ɗaya. Shari'o'in da na ambata da shaida aka ci su. Manhajar OONI Probe na gwada shafuka ta adana sakamakon a rumbun da kowa ke iya dubawa, lauyoyi da 'yan jarida na dogara da shi.

Malama Kwamfuta: Haka ne Barista, amma a faɗa wa mutane sauran. Gwajin na nufin wayarka za ta ƙwanƙwasa shafukan da aka haramta ɗaya bayan ɗaya, kamfanin layi na gani, layin kuma da sunanka aka yi masa rajista. OONI da kanta tana gargaɗi kafin ka fara. Kuma a kashe VPN kafin a gwada, in ba haka ba intanet ɗin ƙasar da sabar take ka auna, ka cika rumbun da sakamakon da ke cewa komai lafiya.

Kawu Mai Shakka: Wancan suna na biyu da aka ce a rubuta a Private DNS, "one" sau nawa ne?

Malama Kwamfuta: Sau huɗu, Kawu, da ɗigo a tsakani, ba tazara.